An ce wanda bai taka rawa a sujada ba, bangaskiyarsa ta mutu

Maman Dauda:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, tun ranar Lahadi abin ke cina, na rasa wanda zan faɗa wa. Waɗanda suka san gidanmu a Birged sun san Baban Dauda wata bakwai ke nan yana kwance. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye, bakin ma ba ya fita sosai. Tun kafin ciwon an riga an sallame su daga kamfanin da yake tuƙi a Sharaɗa. Yanzu awarar da nake soyawa a ƙofar gida ita ke riƙe da mu shida.

Ranar Lahadi na tashi tun ƙarfe huɗu. Na yi masa wanka, na sauya shimfiɗa, na ba shi kunu da cokali, rabi na shiga rabi na dawowa ta gefen baki ina sharewa da bakin zanina. Na bar Dauda ya zauna da shi na tafi sujada, don kusan wata biyu rabona da majami'a. Da aka zo baiko kowa ya miƙe ana rawa, ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaukata. Na zauna ina bin waƙar da baki. Sai mai jan waƙa ya ce a lasifika, duk wanda ya zauna ya ɗaure fuska a gidan Ubangiji, bangaskiyarsa ce ta mutu, gama an rubuta mu yi farin ciki kullum. Ban ce da ni yake ba, amma a bencinmu ni kaɗai ce a zaune. Na miƙe na ɗan taka ina murmushi, Allah kuwa ya san ƙarya nake yi. Na koma gida na fi yadda na fito nauyi.

To wannan farin cikin da aka ce mu yi kullum, wane iri ne? In na rawa ne da washe baki, ba ni da shi yanzu, ban kuma san inda zan samo ba. Amma ban daina ba da gaskiya ba, kowace safiya sai na riƙe hannunsa mun yi addu'a. Zunubi nake yi da na kasa murna? Ku faɗa mini gaskiya, kada ku lallaɓa ni.

Ladi:
Wayyo Maman Dauda, sannu. Ban san jikin Baba ya kai haka ba. Ubangiji ya miƙa hannunsa ya taɓa shi.

Istifanus:
Mama, sannu da jinya. Ni ma ina cikin mawaƙa, ko da yake ba a majami'arku ba, kuma ba zan ɓoye ba, nakan faɗi irin wannan magana. Ba don cin fuska muke faɗa ba. Filibiyawa 4:4 da ta ce a yi farin ciki kullum umarni ne, ba shawara ba, har sau biyu Bulus ya nanata a aya ɗaya. Ki duba shi da Sila a kurkukun Filibi, an yi musu bulala, an sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare suna rera waƙa, sai ƙasa ta girgiza ƙofofi suka buɗe. Da sun zauna suna kuka, ƙofa za ta buɗe? Rawar da kika taka, ko ba ki ji ta a rai ba, ta bangaskiya ce. Ki ci gaba, ita za ta buɗe ƙofar gidanki.

Rahila:
Istifanus, a kawo ka ka yi dare ɗaya kana juya majinyaci, ka ga ko da safe ƙafarka za ta taka rawa. Matar nan ta ce ta koma gida da nauyin da ya fi wanda ta zo da shi. Mutum ya zo wurin Yesu da kaya a ka, sai mu ɗora masa wani? Kuma in Baba bai tashi ba, me za ka ce mata, rawarta ce ba ta isa ba?

Istifanus:
Anti Rahila ban ce haka ba. Amma ai Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. In murna na ciki dole ta fito.

Malam Bitrus:
Bari in sa baki, tunda koyar da Hausa ne aikina. Bahaushe bai ce farar fuska ba, cewa ya yi farin ciki. Abin da ke fuska sunansa fara'a, kuma duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san mai shago na iya yi maka fara'a alhali bashi ya hana shi barci jiya. Karin maganar da ka kawo ma, Istifanus, gaskiya take nema, wato fuska ta faɗi abin da ke zuciya. Ranar Lahadi fuskar Maman Dauda na faɗin gaskiya, aka sa ta ta yi ƙarya.

Sannan ka koma Ayyukan Manzanni 16 ka karanta a hankali. Da ƙofofin suka buɗe, Bulus da Sila sun fita? Ba su motsa ba. Mai tsaron kurkukun ya zare takobi zai kashe kansa don yana zaton 'yan sarƙa sun gudu, Bulus ya ɗaga murya ya ce duk muna nan. Wanda yake waƙa don ƙofa ta buɗe, ai da ta buɗe sai ya ranta a na kare. Su ba ƙofa suke yi wa waƙa ba. Wasiƙar Filibiyawa kuwa, da ka ɗauko ayarka daga ciki, a wani ɗaurin daban ya rubuta ta, shekaru bayan wancan, kuma a wannan karon ba girgizar ƙasa, ba komai. Yana ma faɗa a sura ta 1 cewa zai yiwu a kashe shi. Sura huɗu ce kacal, amma maganar farin ciki ta fito fiye da sau goma a cikinta.

Akwai wurin da ba a cika yin wa'azi a kai ba, sura 2 aya 27. Abafaroditas, wanda ikkilisiyar Filibi ta aiko ya yi wa Bulus hidima, ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa. Bulus ya ce Allah ya ji tausayinsa da ya tashi mutumin, don kada baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. Ka ji fa. Wanda ya ce a yi farin ciki kullum, shi ne da bakinsa, a wasiƙa guda, ya ce yana da baƙin ciki, kuma mutuwar majinyacinsa za ta ƙara masa wani. Maman Dauda, ba ki yi zunubi ba. Kina inda Bulus ya taɓa tsayawa.

Yunana:
Ku gafarce ni iyayena, ni matsalata ta wuce ta rawa. Duk wannan koyarwar ta "farin cikinka kada ya dogara ga halin da kake ciki", talaka kaɗai ake yi wa ita. Ina da digiri, adaidaita sahu nake ja, kuma ba nawa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wata rana in fita tun asuba daga Dakata, in yini tsakanin Bata da 'Yankaba, in na cire kuɗin mai na cire balas ɗin mai mashin, abin da ya rage bai kai kwanon shinkafa ba. Ranar Lahadi in zo a buɗe mini Habakuk 3, ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, ka yi murna. Wanda ke karantawar kuma da mota ya zo. Ni ina ganin wannan maganin barci ne, a ba mutum ya yi shiru ya daina tambayar wa ya cinye masa haƙƙi. Ban bar bin Yesu ba, amma na gaji da a ce mini yunwa ba komai ba ce.

Ladi:
Yunana ka sassauta mana, ba duka fastoci ke da mota ba. Namu da ƙafa yake zuwa gaida marasa lafiya.

Yunana:
Na sani Yaya Ladi, ban yi musu kuɗin goro ba. Amma tambayata na nan.

Baba Ayuba:
Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa, don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Yunana ɗana, ni ba mai mota ba ne, saboda haka ka saurare ni.

Shekara ashirin da wani abu ina sayar da kwanuka da kayan roba a kasuwar Sabon Gari. Kun tuna gobarar watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Daren Juma'ar da muke tuna mutuwar Ubangiji ta tashi, wayewar Asabar. A makon nan na cika shago da kayan bashi, don ana shirin Ista kuma lokacin bukukuwan aure ne. Da aka buga mini waya na fito da silifas ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na matata. Ban samu isa layinmu ba sai da rana ta yi. Ƙofar ƙarfen ta lanƙwashe. Robobin duk sun narke sun haɗe sun zama dutse guda baƙi a ƙasa, kwanukan samira sun manne a ciki kamar an dasa su. Littafin da nake rubuta waɗanda nake bi bashi ya zama toka, amma waɗanda suke bina nasu littafin na gida lafiya lau. Na tsuguna na ɗauki kwaɗon shagon, har yanzu da ɗumi, na sa a aljihu. Ban san dalilin da ya sa na ɗauka ba. Yana nan a akwatina.

Washegari Ista. Ban yi niyyar zuwa sujada ba, matata ce ta ce in ba ka je ba ni ma ba ni zuwa. Na tafi, hancina bai daina jin ƙaurin roba ba. Ban yi waƙa ba, ban tafa ba, ban ba da baiko ba don ko sisi babu a jikina. Sai mai wa'azi ya hau ya ce, Almasihu ya tashi, jama'a suka amsa. A nan wani tunani ya zo mini, ba daga wayona ba. Bara war haka, shagona cike, aka faɗi wannan magana, gaskiya ce. Yau ba ni da ko cokali, an faɗe ta, kuma ba ta ragu da komai ba. Na laluba cikina, na tarar akwai abu guda da wutar nan ba ta kai gare shi ba. Sai hawaye. Wanda ke kusa da ni ya yi ta ba ni haƙuri a kan shago, bai san ba kukan shago kaɗai nake yi ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin mai yawa ne ba. Kamar ruwan rijiya ne a watan Afrilu, yana can ƙasa, sai ka ƙara igiya kafin guga ta taɓa shi. Amma akwai shi, kuma shi na sha na rayu.

Kada kuma ku jira in ce daga baya Allah ya ba ni shago biyu. Bai ba ni ba. Shekara huɗu na yi ina biyan bashin. Maƙwabcina a kasuwa, wani Alhaji da muka yi shekaru muna ajiye wa juna mabuɗi, shi ma nasa ya ƙone, amma yana da wani wurin, ya ba ni gefen teburinsa na kasa kaya. Har yau a tebur nake. Yunwa komai ce, ɗana, na san ta. Sai dai ba ta iya cinye wannan abin ba, ita ma ta gwada.

Maman Dauda:
Baba, na karanta sau uku. Na gode.

Yunana:
Baba na ji, kuma ba ni da bakin musa abin da ya same ka. Amma gobara ƙaddara ce. Abin da ke kanmu yanzu mutane ne suka ɗora mana. Shi ma in yi murna in yi shiru?

Malam Bitrus:
Wa ya ce ka yi shiru? Laifin masu karanta maka ne da suke fara Habakuk daga ƙarshe. Ka buɗe sura ta 1, mutumin da ƙara ya fara, yana tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka a kan zalunci ba a amsa masa ba, yana cewa shari'a ta yi sanyi, mugaye sun kewaye masu gaskiya. A sura ta 2 ana jera kaito a kan mai tara abin da ba nasa ba da mai gina gari da jinin mutane. Bayan duk wannan ne ya kai ga maganar ɓaure. Wanda ya tsallake sura biyu ya miƙa maka ta uku, ya rage maka mudu.

Bulus ɗin nan ma da ya yi waƙa da tsakar dare, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, cewa ya yi faufau. Kun doke mu a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali mu 'yan ƙasar Roma ne, sai ku zo da kanku ku fitar da mu. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Da dare ya yi waƙa, da safe ya nemi haƙƙinsa, bakin guda ne. Ni a ganina ma wanda cikinsa bai mutu ba shi ke da ƙarfin tsayawa ya yi magana. Wanda ya fid da rai kwanciya yake yi.

Yunana:
Wannan na Ayyukan Manzanni 16 aya 37 ban taɓa lura da shi ba. Zan karanta da daddare.

Rahila:
Ina so in koma kan Maman Dauda, don muhawara ta fara ɗauke mu daga kanta. Mama, ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga masu jinya da yawa sun faɗi kafin majinyacinsu. Awa nawa kike barci? Kina cin abinci? In kin ga an shafe sati biyu ko fiye barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kike so a da duk ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jinin Baba, ana ganin likita a kansa. Ba raunin bangaskiya ba ne. Annabi Iliya, bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya kwanta a gindin itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai ce masa tashi ka yi rawa ba. Abinci da ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya sake barci, ya kuma tashe shi ya ci karo na biyu. Yana 1 Sarakuna 19.

Sannan kunun nan da kika ce yana dawowa, ki riƙa tayar da shi zaune sosai kafin ki ba shi, ki sa kauri kaɗan, cokali ƙarami, kada ki kwantar da shi nan take bayan ya ci, don kada ya ƙware abin ya sauka a huhu. Juyi kuma duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Na san mutum ɗaya ba zai iya wannan dare da rana ba, shi ya sa nake faɗa a nan kowa ya ji.

Maman Dauda:
Barci dai awa uku, wata rana huɗu. Abinci ina ci in yara sun rage.

Mama Saratu:
Ɗiyata, wannan amsar taki ta fi komai tsaya mini a rai, kuma kunya ta kama ni, don ni ce uwar zumunta a shiyyarmu ban taka gidanki ba sai sau ɗaya.

Bari in ba ku labarin kakata. Kuturwa ce, a Yadakunya ta zauna lokacin da 'yan mishan na SIM ke kula da wurin, a can ta ji bishara. Danginta sun yafe ta tun tana budurwa. Na tashi na same ta ba yatsu, dungu kawai. In ana waƙa ba ta iya tafi irin namu, sai ta riƙa buga dungun hannunta a cinya. Kuma tana da ranakun da ba ta magana da kowa, ta juya fuska bango, musamman in an yi biki a garinsu labari ya zo ba a gayyace ta ba. Kakanmu ya hana kowa ya dame ta a irin ranakun. Bayan kwana biyu sai ka ji ta da asuba tana rera waƙa ƙasa-ƙasa tana hura wuta. Ban taɓa jin wani ya ce bangaskiyarta ta mutu ranar da ta juya bango ba, ita ce ma ta koya mana addu'a duka gidan. Mu mutanen da, mun san kuka da waƙa a tukunya ɗaya ake dafa su. Ban san yaushe aka fara raba su ba.

Istifanus:
Na karanta duka, kuma maganar "ƙofa za ta buɗe" na janye ta. Mama ki yafe mini, ban yi tunanin yadda za ta sauka a kunnen mai jinya ba. Amma abu ɗaya ba zan saki ba. Akwai ranar da nake zuwa sujada a mace, in fara waƙa ba da son raina ba, kafin a kai baiti na uku sai in ji zuciyar ta biyo baya. Mai Zabura ma a ta 42 yana yi wa ransa faɗa, yana tambayarsa don me ya karai. Wani lokaci jiki ne ke jan zuciya.

Rahila:
Wannan gaskiya ne, ni ma yana faruwa da ni. Amma shi ransa yake yi wa magana, ba ran wani ba, kuma ba a lasifika ba.

Istifanus:
Na karɓa.

Fasto Habila:
Salama. Ina ta bi tun jiya, na ƙi sa baki da wuri don in fasto ya yi magana wasu sukan yi shiru, kuma da na yi, da ba mu ji Baba Ayuba da Mama Saratu ba.

Maman Dauda, amsar tambayarki a'a ce. Ubangijinmu ya tsaya a kabarin Li'azaru ya yi hawaye, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. A Getsamani ya ce ransa na baƙin ciki har kamar ya mutu. Shi kuwa bai taɓa zunubi ba. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba aya ɗaya ta murna a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. A daren da za a bashe shi, Yesu ya ce wa almajiransa yanzu kuna baƙin ciki, amma zan sāke ganinku, kuma farin cikinku ba mai ƙwace muku shi. Bai jingina shi a kan lafiya ko kasuwa ba, a kan tashinsa ya jingina shi. Hannun mijinki da kike riƙewa kowace safiya ku yi addu'a, wata bakwai ba fashi, ni ban san wata shaida da ta fi wannan ba.

Mu masu hawa bagade kuma akwai gyara a kanmu. Muna son ayar nan ta Nehemiya 8:10, cewa farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu, har a jikin mota ake manna ta. Amma rabinta muke ɗauka. Farkon ayar cewa ya yi ku je ku ci mai maiƙo, ku sha mai zaƙi, ku kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya. Mutanen suna kuka ne a ranar, aka ce a kai musu abinci. Bulus ma da ya ce ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, nan take ya ce wa Filibiyawa sun kyauta da suka yi tarayya da shi a wahalarsa, don sun aiko masa da taimako. Yakubu kuwa ya tambaya, in ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ya ƙoshi ba ka ba shi komai ba, me ka yi? Yunana, a nan ƙorafinka yake da gaskiya, kuma ba zan kare kaina ba.

Zan nemi shugabannin mawaƙanmu mu zauna ranar Asabar. Romawa 12:15 ta ce a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka, mu kuwa kusan duk waƙoƙinmu na baiko na rukunin farko ne.

Mama Saratu:
To ni ba sai Asabar ba. Matan zumunta da ke Birged da Gama da Tudun Wada, ina son mutum shida, kowace ta ɗauki yini ɗaya a mako, ta je ta zauna da Baba daga azahar zuwa magariba, Maman Dauda ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi barci. Ba zuwa gaisuwa ba, kada a je a sa ta dafa wa baƙi ruwa. Ni na ɗauki Talata. Dare kuma aikin maza ne, Fasto sai ka yi wa dattawa magana.

Ladi:
Alhamis tawa. Zan zo da waken suya kwano biyu.

Rahila:
Ni Asabar in ba na aiki, in duba bayansa in nuna wa Dauda yadda ake juyi ba tare da ya ja kafaɗar da ta shanye ba.

Maman Dauda:
Ban san me zan ce ba. Jiya da daddare ba wuta, zafi ya hana shi barci, ina yi masa fifita da murfin kwali. Na karanta masa abin da Baba Ayuba ya rubuta, da na kai wurin kwaɗon ya matse mini hannu da na hagun. Sai na kama wata tsohuwar waƙa da muke yi tun muna zumuntar matasa, kafin mu yi aure, a hankali don kada yara su tashi. Mutumin da in yana son ruwa sai ya yi ta fama kafin kalmar ta fito, sai ga shi yana bina, kalmomin na fita kusan daidai har ƙarshen amshi. Muka yi ta sau huɗu. Ina yi ina kuka, shi ma hawaye na gangarowa ta gefen kunne. Da safe jikin yana nan yadda yake, magani ya kusa ƙarewa, mai gida ya aiko a kan haya. Ban ce na warke ba. Amma Lahadi mai zuwa zan je, in ƙafata ta ƙi kuma zan zauna abina.

Rahila:
Mama wannan abu ne sananne ga masu shanyewar ɓarin dama, magana ta ƙi amma waƙar da aka sani tun da ta fito, don ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Ki riƙa yi da shi kullum, ki kuma faɗa wa masu gashin ƙashi in kun je. Yaushe ne zuwanku na gaba?

Maman Dauda:
Laraba ne, amma mun tsallake biyu saboda kuɗin mota. Sai an ɗauki shata, ba ya iya zama da mutane.

Yunana:
Ni har yanzu akwai abin da ban gamsu da shi ba, Malam Bitrus zan same ka daban bayan na gama Habakuk ɗin daga farko. Mama, Laraba ƙarfe nawa? Ki sa Dauda ya turo mini kwatancen gidan, zan zo da mashin kafin in fara aiki. A samu wani namiji ɗaya ya taya mu ɗaga shi.

Istifanus:
Ni zan zo. Bakwai ta yi?